Sawun Yatsun Hembadoon

Komai ya canja wa Iorliam ranar Larabar da aka zo karɓar kwamfutar matarsa.

Rasuwarta ita kanta ba ta canja shi ba, ɗaci kawai ta ƙara masa. An binne Hembadoon a ƙauyensu bayan Obi, an ci sakwara, an yi waƙoƙi, kowa ya watse, shi kuma ya dawo garin Lafiya ya zauna cikin littattafansa. Tsohon malamin adabi ne da ya yi ritaya, mai ganin yawancin mutane ba su cancanci gaisuwa ta biyu ba. Tun farkon aurensu yana da al'ada guda: da la'asar ya buɗe littafi ya karanta wa matarsa da babbar murya. Ita kuwa injiniyar kwamfuta ce a wata makaranta, kullum tana teburin falo ta ba shi baya, idonta a kan sikirin. Bai taɓa ganin ta juyo ba. Ya daɗe da yanke hukunci cewa ƙeya ya yi wa karatu duk tsawon aurensa, kuma matar ta tafi kalmarsa ko ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Wannan ya fi cin sa fiye da gadon da ya yi masa faɗi.

Aminat ce ta zo, abokiyar aikin marigayiyar, mace mai kauri da dariya, wadda ba ta taɓa jin tsoronsa ba. Kwamfutar ta makaranta ce, za a goge ta a ba wani.

"Akwai hoto a ciki?" in ji shi.

"Babu, Malam. Matarka ba ta ajiye hoto a injin aiki. Sawu ne kawai, fal."

"Sawun me? Akuya ta shiga ciki?"

Aminat ta ja kujerar Hembadoon ta zauna ba tare da an ce mata bisimilla ba. Ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa tsoho mai taurin kai. A can ƙasan kowace kwamfuta, ta ce, akwai manhajar da ke raba aiki, suna kiranta kanel. Ita ke cewa wannan ya yi, wancan ya jira. Hembadoon tana binciken abin da ya sa injinan makarantar ke sandarewa idan aka ɗauke wuta suka koma kan batir, shi ya sa take kunna abin naɗa ta bar shi yana rubuta duk motsin da kanel ta yi. A gida take yi, don wutar unguwarsu ba ta taɓa ba ta kunya wajen tafiya ba.

"To ki buɗe mu gani."

"Ba ya buɗuwa haka. Ɗanye ne, a tsarin tsohuwar manhajar da ta naɗa da ita. Sai na juya shi zuwa tsarin da sabuwar ke iya zanawa. In na gama, in ɗauki nawa, a goge na asalin."

Ta rubuta umarni, ta kai yatsa za ta danna. Iorliam ya leƙo ta kafaɗarta. Bai san komai game da inji ba, amma ya san fassara, kuma bai yarda da mai fassarar da ya yi sauri ba.

"In kin juya, duka yake haurawa?"

"Abin da ke da amfani. Muna tsallake lokutan da injin ke zaune ba ya komai, da ƙananan abubuwa irin taɓa madannai. In ba haka ba fayil ɗin ya yi ƙiba kamar ni."

"Taɓa madannai. Wa ke taɓawa?"

Aminat ta ɗaga yatsanta daga kan maɓallin.

"Ba haruffan ake naɗa ba fa, Malam," ta ce a hankali. "Lokacin kawai. An taɓa, an taɓa, an taɓa."

"Ki juya shi duka. Har da zaman banzan."

Ta gyara umarnin. Ta zaɓi fayil na ƙarshe, na Asabar ɗin da ta gabaci kwanciyar Hembadoon a asibiti. Injin ya yi ta gurnani, fankarsa na hura iska mai zafi a kan teburin. A waje wata mai lemu ta wuce tana talla, rana ta karkata kan bishiyar mangwaro. Sannan sikirin ya cika.

Iorliam ya nemi kujera.

Layuka huɗu ne suka miƙe daga hagu zuwa dama, kowanne cike da ƙananan tubala masu launi, kamar gonakin Assakio in an hango su daga kan tudu. Aminat ta matso da wani ɗan wuri da bai kai ƙiftawar ido ba, sai ya buɗe ya zama gari guda: wannan aiki ya farka, ya tashi wancan, wancan ya jira faifan ajiya, wani aikin ya karɓi wurinsa, ya bayar, ya sake karɓa. Ta ƙara matsowa, wani garin ya fito daga cikin na farko. Dubban abubuwa suna faruwa bi da bi, babu wanda ya taka wani, duk a cikin lokacin da bai ishe shi furta harafi ɗaya ba. Ya karanta littattafan da suka yi ƙoƙarin kama yini guda na rayuwar mutum, ya yaba musu. Bai san cewa a teburin falonsa, kusa da kwanon gyaɗa, ana kama daƙiƙa a shimfiɗa ta haka ba.

"Wannan take kallo?" Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Kullum."

Ta nuna masa wani siririn layi a ƙasa mai ɗige-ɗige. Yatsun Hembadoon ke nan. Suna zuwa a gurguje, su tsaya, su sake zubowa. Ya gane tafiyar nan take, yadda ake gane takun mutum a bayan ƙofa.

"Ƙarfe nawa ne nan?"

"Sawun bai san agogon bango ba. Daga lokacin da aka kunna injin yake ƙirga. Amma duba nan, gudun injin ya faɗi gaba ɗaya. Nan aka ɗauke wuta."

Ya tuna Asabar ɗin. Hadari ya haɗo daga wajen Kwandere, fankar sama ta mutu, shi kuma ya matsa kusa da taga ya buɗe littafi. Ya yi karatu mai tsawo, ƙeyar nan ba ta motsa ba. Daga ƙarshe ya rufe littafin da ƙarfi a tsakiyar babi ya fita baranda.

A kan sikirin, jim kaɗan bayan tafiyar wuta, ɗige-ɗigen suka ƙare. Layukan huɗu suka koma kusan fari. Aminat ta yi ta ja zuwa dama, farin bai ƙare ba. Sai ɗigo ɗaya tilo. Fari kuma. Wani ɗigon. Haka, a jere, da tazara kusan iri ɗaya.

"Mene ne waɗannan?"

Aminat ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe baki da hannu.

"In aka bar injin, balle a kan batir, sikirin yakan dushe. Sai an taɓa shi ya farka. Ba aiki take yi ba, Malam. Hana shi duhu take yi."

"Don me?"

"Don kar ka gane ta daina aiki, mana! Wa zai nuna maka yana saurare? Ka ajiye labarin ka kama lacca." Ta share ido da bakin gyale tana dariya. Sannan ta natsu. "Ba zan ce maka ga abin da ke ranta ba. Inji bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne yatsun sun tsaya."

"Juya wani."

Ta juya wani, na wata daban. Ta juya na bara. Ba duka aka ɗauke wuta a cikinsu ba, amma duk wanda ya yi tsawo yana da farin filin nan a wani wuri, da ɗigogin da ke tsallaka shi ɗaya bayan ɗaya.

Aminat ta kwafe masa komai a filas, ɗan abin ajiyar bayanan nan, ɗanyen da juyayyen, ta naɗe waya ta sa kwamfutar a jaka. A ƙofa ta ce ya riƙa cin abinci, ya rame kamar sandar rake. Ya gyaɗa mata kai, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ya dawo ya tsaya a bayan kujerar Hembadoon. Daga nan ne kaɗai ya taɓa ganin teburin. Ita ta ji duk abin da ya kawo mata daga duniyarsa, babi bayan babi. Tata duniyar kuwa tana nan buɗe, taku kaɗan daga kujerarsa, garuruwa cikin garuruwa, kuma magana ɗaya ce kawai za ta shigar da shi. Ya dafa bayan kujerar, ya faɗe ta ga falon da babu kowa.

"Hembadoon, matsa in zauna. Nuna mini."