Ɗan Samaru a Jami'ar Jidda

Shekara ashirin Haladu kafinta ya yi a Jidda bai koma Samaru ba. Aikin hajji ya kawo shi, aure da sana'a suka riƙe shi a unguwar Sa'alaba. A 1972, yana gyaran kujeru a jami'a, sai ya ji wani ɗalibi yana Hausa irin ta Zazzau. Sunansa Rafi'u, kuma ɗan Samaru ne.

Haladu ya ajiye guduma. "Ɗana, yaya garin?"

"Baba, ba za ka gane shi ba. Mu ma an yi mana jami'a. Gonaki sun zama gidajen malamai, ɗalibai ko'ina a kan kekuna."

"Rijiyar bayan masallaci fa? Gidanmu yana daura da ita."

"Tana nan. Wata tsohuwa, Dela, tana suyar ƙosai a wurin."

Dela yayar Haladu ce, ita ta goye shi. Haladu ya nemi wuri ya zauna.

Ranar Juma'a ya kai Rafi'u gidansa, ya miƙa masa takarda. "Yalla, maza rubuta mata ina raye. 'Ya'yana huɗu, babbar sunanta na sa mata."