Musabahar Oga

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Dogo, ya tarwatse a ƙasa. Matarsa ba ta kalli kofin ba, gwiwar hannunsa ta kalla.

"Baban yara, don Allah ka je asibiti. Kofi ma ya gagare ka, bare guduma."

Ya je, don dai bakinta ya huta. Likitar ta danna ɗan ƙashin gefen gwiwar, Dogo ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Ta sa ya ɗaga yatsan tsakiya tana danne shi, nan ma sai da ya yi salati.

"Jijiyar ce ta gaji, malam. Ɗaura wannan maɗaurin a gwiwar, ka riƙa motsa hannun yadda na nuna maka, ka ajiye guduma sai ta warke."

Ajiye guduma! A wurin ginin da yake kafinta, Oga ba ya tambayar lafiyar kowa. Kullum da safe yakan bi layin ma'aikata yana musabaha, ya matse hannun mutum iya ƙarfinsa. Wanda ya rama matsar ya shiga aiki, wanda ya kasa ya kama gabansa, ga wasu birjik a bakin ƙofa suna jira.

*

Mai kemis, sarkin fara'a, wanda bai taɓa leƙa ajin koyon aikin ba, shi ya kawo mafita.

"Hutu? Yaranka hutun za su ci? Naɗe hannun riga."

Allura a daidai wurin, ciwo ya ɗauke cak. Dogo ya cusa maɗaurin a ƙarƙashin katifa, da safe ya matse hannun Oga har sai da Ogan ya ce, "Kai, karya ni za ka yi?" Ciwo ya dawo, ya koma kemis. Ya sake dawowa, ya sake komawa. Tsoro yake ji sosai, amma bai faɗa wa matarsa ba.

*

Ranar da allurar ta ƙi ci, yana cikin layi yana ta sauya ƙafa, gumi na bin bayansa. Oga ya iso, ya damƙe hannun. Dogo ya cije, har da murmushi. Yatsun ne kawai suka ƙi rufewa.

"Je ka huta, Dogo," in ji Oga, ya miƙa wa na gaba hannu.

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa da hagu. A tsallaken titi mai kemis ya buɗe shago, wani birkila na zaune a kan benci yana naɗe hannun riga.