Kamfanin Yahuza a Tsakiyar Teku

Yahuza bai taɓa ganin teku ba, amma ranar Talata aka gaya masa yana da kamfani a wani tsibiri da ke tsakiyarsa. Mushe Awal, malamin lakwal, wato makarantar boko, ta Tajaye, shi ya kawo labarin. Kwana uku rediyo na faɗin an bankaɗo takardun asirin masu kuɗin duniya, fiye da miliyan goma sha ɗaya. Awal kuwa, da shegen bin diddigi, ya rubuta "Konni" a wayarsa don ya ga ko akwai na gida. Sai ga cikakken sunan Yahuza, wai shugaban kamfani.

Yahuza ya san inda abin ya samo asali. Shekara goma sha biyu baya, yana jan motar siminti ta Alhaji Sha'ibu daga Malbaza, Alhaji ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ya sa shi dangwala yatsa a wasu takardu. Wa ke tambayar ubangidan da ya yi masa aure ko na mene ne? Ya dangwala, har da godiya.

Shi tsibirin bai dame shi ba. Rumbunsa ya ƙare tun watan jiya, baki tara a gidan, kuma a wannan makon mai gari Tanimun ke rubuta magidantan da za a ba geron tallafi.

Zama ya gagare shi. Laraba da sassafe ya tafi Konni. Mai gadin gidan Alhaji ya ce ya yi tafiya. A kantinsa aka ce a duba gareji, a gareji aka ce ai tun bara ya koma Dubai. Yahuza ya hau kabu-kabu ya sauka har sau huɗu, bai samu ko lambar waya ba. Wani ɗan tiranzit, mai fito wa mutane da kaya a bakin duwan, wato kwastan, ya duba sunan a waya, ya yi dariya.

"Baba, takardun ga ko shekara ɗari kac ci ba ka karance su. Wa za ya goge maka guda?"

Ya dawo Tajaye da la'asar, ransa a jagule, ya zarce zauren mai gari. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, ba wanda ya yi masa mugunta. Tanimun, wanda bai taɓa tashi don shi ba, ya miƙe ya ba shi tabarma.

"Ranka shi daɗe, sunana na cikin na gero?"

"Haba, Yahuza! Mun cire shi tun jiya. Mutum kamarka shi bi layi da buhu? Ba mu yi maka wagga kunya."

"Wallahi ko tiya guda ba ni da ita gida."

Dattawa suka yi murmushi suna gyaɗa kai. Ɗaya ya ce haka masu abu na gaske suke, ba su son a sani. Yahuza ya rantse, ya sake rantsewa, suna ƙara yaba masa. Takardar sunayen kuwa tun da hantsi aka kai ta Illela.

A tsakar gida ya tarar da matarsa Zalika tana ɗinke bakin wani tsohon buhu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, an ce jibi za a raba. Guda ya isa, ko in aro na biyu?"