Kafaɗar Ɗan Azumi

A wani ƙauye kusa da Hawandawaki akwai wani magini rijiya, Ɗan Azumi, da matarsa Mairo, da ɗiyarsu Zuhura da ke ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Gona suna da ita, amma shekara biyu ba ta ba su ko dami goma ba. Ba su da saniya, ba su da ɗa a Najeriya mai aiko da wani abu. Jar dawar agaji da sojoji ke rabawa kuwa ba ta kai mako.

Ɗan Azumi yana aiki da wani kamfani mai gina rijiyoyin siminti. Wata rana yana ƙasan rijiya, igiya ta tsinke, bokiti cike da laka ya faɗo masa a kafaɗar dama. Tun daga nan, duk ƙarshen wata yakan je Tasawa ya karɓi kuɗin rauni a wani biro, ofishin da ke biyan ma'aikata. Da su gidan ke sayen hatsi. Shi a ganinsa, za a yi ta ba shi har ranar da ya iya komawa rijiya.

Bayan wata biyar aka kira shi wajen likita. Mairo ta wanke masa rigar Sallah. Da ya zo fita, sai ya kwance ƙyallen da ke rataye da hannun.

"Malam, ina za ka kai shi haka a sake?" in ji Mairo.

"Gaban babban mutum za ni. So kike in shiga kamar mai bara?"

"To, jarumi. Jiya ko buta sai da na riƙe maka."

Likita ya ce ya ɗaga hannu. Ɗan Azumi ya cije haƙora ya ɗaga har sama, zufa tana bin bayansa cikin riga. Likita ya danna kafaɗar, ya tambaya ko akwai ciwo. Magidanci ba ya raki gaban baƙo, haka ya taso ya ga ana yi. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi, mun gode Allah." Likita ya yi rubutu, ya buga hatimi, ya ba shi takarda. Ɗan Azumi ya ninke ta ya sa cikin hula, ya zaci irin wadda ake ba shi a biro ce. Da ya dawo gida, kwana uku bai iya kai loma baki da hannun ba.

Ƙarshen wata ya tafi Tasawa da Zuhura, don ta ɗauko masa hatsin a ka. Ma'aikacin biro ya bi sunaye da yatsa har ƙasa, ya sake hawa.

"Baba, babu sunanka."

"Ɗan Azumi fa. Na Hawandawaki. Wata biyar kai kake ba ni."

"Na san ka, Baba. Ina takardar likita?"

Ya ciro ta daga hula. Ma'aikacin ya duba, ya dubi yarinyar. "Kina lakwal? Karanta masa, kar ya ce ni na ƙara."

Zuhura ta karanta Faransancin a hankali, ta kai tsakiya ta tsaya.

"Me ta ce?"

"Baba... ta ce ka warke sarai. Ta ce ka koma aiki."

"Wa ya warke?"

"Kai."

 Ɗan Azumi ya dubi hannun da ke rataye cikin ƙyalle, kamar shi zai yi bayani.

Ma'aikacin ya sassauta murya. "Kuɗin nan ba na wata kaza ba ne. Suna tafiya har ranar da likita ya rubuta an warke, daga nan su tsaya. Da ya ga hannun ya nakasa, da ya rubuta, a yanka maka wani abu mai ɗorewa. Me ka gaya masa?"

"Gode wa Allah na yi."

"Ka ɗaga hannun?"

"Ya ce in ɗaga."

"Wayyo, Baba!" Ya nuna layin ƙarshe. "Nan an ba ka wa'adi ka kai ƙorafi. Ya cika tun makon jiya. Kana da mai karatu a gida, ka ajiye takarda cikin hula?"

"Innalillahi," in ji Ɗan Azumi. Ya fizge ƙyallen. "To duba! Duba mana!" Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun a gaban mutanen da ke layi. Hannun ya kai ƙirji ya tsaya, ya faɗi. Ɗan Azumi ya yi ƙara, irin wadda Zuhura ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ko ranar da aka fito da shi daga rijiya.

"Na gani, Baba," in ji ma'aikacin. "Amma ni ba likita ba ne."

Suka fito da buhu wayam. Uban ya zauna gindin bango, ɗiyar ta ɗaura masa ƙyallen a wuya.

A ranar Zuhura ta gane cewa ciwon da ubanta ya ɓoye, a wajen masu takarda babu shi.