Wandon Ciyaman

Malamar asibitin ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yaron, ta ɗan riƙe, ta ɗauke. Wurin ya lotsa kamar ɗanyen kwaɓi, ya kuma ƙi tasowa.

"Tun yaushe ya kumbura haka?"

Uwar yaron matar mai facin taya ce. Juyawa ta yi ta kalli maƙwabciyarta mai ɗinki da ta rako ta, tana tsaye bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, don ita ko bayan gida za ta, da shi take zuwa.

"Kumburi kuma?" in ji mai ɗinki. "Malama, ƙiba ce. Ciyaman ke nan fa."

Ita ta sa masa sunan, kuma kowa a layin ya sani, in mai ɗinki ta laƙa maka suna ka shiga uku. Bayan yaye yaron ya rame kamar tsinken tsintsiya, don abin da ake dama masa ruwa ya fi gari yawa, uban kuwa sai ya wuni bakin titi bai ga taya ɗaya ba. Kwatsam sai kumatu suka ciko, ciki ya yo gaba. Mai ɗinki ta tafa hannu ta ce ga Ciyaman ya ci zaɓe. Ta haɗa masa wando da ragowar ƙyalle. Da robar wandon ta fara yi masa rami a ƙugu, sai ta zagi robar zamani, ta farke gefe ta ƙara ƙyalle. Da ya sake matsewa ta sake ƙarawa, tana shelanta wa duk mai kawo ɗinki cewa yaron nan zai ƙarar mata da yadi.

Ita uwar ta taɓa yin magana, a gaban keken ɗinkinta.

"Yaya, gashinsa ya yi ja. Ko wasa ba ya yi, sai ya zauna shiru."

"Manya ba sa wasa," in ji mai ɗinki, allura a baki. "Asibitin nan na 'ya'yan da suka rame ne. Ki je ki bi layi da wannan tumbin a ce kwaɗayin abincin ledar da suke rabawa ya kawo ki? Ni zan fara yi miki dariya."

Kuma da ta yi, har da shewa. Matar mai faci ta san haka, ta goya ɗanta ta koma gida.

Yanzu ga malama ta ciro nata tef ɗin, ɗan siriri mai launi uku, ta zagaya damtsen yaron. Ya tsaya a kan ja, alamar haɗari. Mai ɗinki ta bi hannun da kallo. Ita kam ta sha auna cikin yaron nan, ta auna ƙugunsa, ta auna cinyarsa, amma damtse ba ta taɓa ba. Wando take ɗinkawa.

Malama ta yaga ledar abincin ta kai bakinsa. Ya kau da kai.

"Wanda ya ƙi ci ya fi ƙarfin ɗakin nan," ta ce a hankali. "Sai babban asibiti, a ba shi gado da madararsu. Da tun yana karɓa kuka kawo shi, ledar nan ta ishe shi."

Ba ta kalli kowa ba da ta faɗa. Uwar ma ba ta kalli kowa ba.

Babban asibiti ba nan kusa ba ne. Mai faci ya roƙi wani direban babbar mota da yake yi wa aiki, aka sa uwar da yaron a gaban motar. Da la'asar motar ta dawo da su. Ba su ma kai ba.

A wajen zaman makoki mata suka cika tsakar gidan, ana ta jinjina kai. Yaro ɓul-ɓul, lafiyayye, ai baki ne ya kama shi. Wata ta taɓo mai ɗinki.

"Ke da kika fi kowa saninsa, ba haka ba ne?"

Mai ɗinki, wadda ko a barci ba ta rasa abin cewa, ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Ba ta ɗora komai ba ranar.

Bayan an watse, matar mai faci ta yi sallama ɗakin ɗinkin, da wandon a ninke.

"Yaya, ki mayar da shi yadda yake a da. Matar mai gyaran rediyo ta kusa yaye nata."

Mai ɗinki ta jira sauran maganar. Ta ma so a yi ta. Matar ta ce a gai da yara, ta fita.

Ta ɗauki reza ta bi ɗinkin nata tana farkewa. Shuɗin ƙyalle ya fita, sannan kore, sannan mai fure. Ta jera su a kan teburin keke, ta shimfiɗa abin da ya rage a cinyarta. Tafin hannunta ɗaya ya rufe ƙugun.