Baba Mesa Ya Ƙi Tashi Daga Benci

Shekara ashirin da tara Baba Mesa ya yi yana aikin kwana-kwana, kuma ba a taɓa ganinsa a bayan tebur ba sai in zai sa hannu a rajista. Sunan ya same shi tun yana sabon shiga, ranar da mesar ruwa ta kuɓuce wa mutum biyu a wata ma'ajiyar katako tana ta bulala, shi kuwa ya faɗa mata da ƙirji ya danne ta. Daga baya aka ƙara masa "Baba", da furfura ta fara cin gemunsa.

Sabon kwamandan da aka turo musu bai kai arba'in ba, kuma mutum ne mai son takarda. Sati uku da zuwansa ya liƙa sanarwa a ƙofar ɗakin kaya: duk wanda ya haura hamsin sai ya yi gwaji. Zai hau hasumiyar atisaye mai hawa shida da cikakkun kayan aiki da naɗin mesa a kafaɗa, ya sauko, ya sake hawa. Daga nan ya zauna a auna jininsa da bugun zuciyarsa sau uku: yana zama, bayan minti ɗaya, sai bayan minti biyar. Wanda jikinsa bai sauko ba, ɗakin amsa waya na jiransa.

Su uku ne abin ya shafa. Biyun suka shafa gwiwoyinsu suka ce a ba su kujerar kawai, ba sai an tara musu jama'a ba. Baba Mesa ya rubuta sunansa. Kwamanda ya kira shi ofis.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi. "Ka yi mai wuyar. Ka zauna a inuwa, fanka na kaɗa ka, ka bar wa matasa hayaƙin."

"Ranka ya daɗe, fanka mura take sa ni. Wace rana ce gwajin?"

A gida ne maganar ta fi nauyi. Bara hawan jini ya buge yayansa, tela ne, ya zame daga kan keken ɗinkinsa da rana tsaka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga nan Yaya yake kwance a ɗakin gaba na gidan Baba Mesa. Shi yake yi masa wanka kafin ya fita, matarsa kuma, wadda yake kira Maman Auta, ita ke da sauran yinin: juya shi, ba shi abinci a baki, wankin zanen gado.

"Uwarku ɗaya, ubanku ɗaya," ta ce da ya gaya mata, tana niƙa ƙwayoyin Yaya da bayan cokali. "Abin da ke jininsa yana jininka. An ba ka kujera a mutunce, ka karɓa mana."

"Lafiyata ƙalau."

"Shi ma haka ya ce ranar."

Kwana huɗun da suka rage kafin gwajin, duk sanda ya tsuguna yana cuɗa hannun Yaya da ya lanƙwashe, sai ya ji yana sauraren ƙirjinsa kamar mai laɓe a ƙofar maƙwabci.

Ranar gwajin aka ajiye benci a gindin hasumiya. Nas ɗin da ta zo daga asibitin ma'aikata dattijuwa ce mai tabarau, kowa Sista yake ce mata. Ta shimfiɗa na'urar awon jini da agogo a gefenta. 'Yan aikin safe duka suka fito, kowa ya sami abin gogewa a jikin mota don kada a ce kallo ya zo.

Baba Mesa ya sa takalmansa, ya ɗaura tukunyar iska a baya, ya kifa hular ƙarfe, ya saɓa mesa. Hawan farko bai ji komai ba. A na biyu, daga hawa na huɗu cinyoyinsa suka fara ƙuna, numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi. Ya taɓa ƙarfen saman da tafin hannu, ya juyo. Da ya sauko, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ya yar da mesar ya zauna. Sista ta zare masa hannun riga ta naɗa ƙyallen a damtsensa.

"Ɗari da tamanin da huɗu bisa tamanin da takwas," ta ce. "Bugu ɗari da hamsin da takwas."

Masu goge mota suka daina gogewa. Kwamanda ya leƙa fuskar na'urar, ya girgiza kai.

"Ya isa haka. Sista, rubuta. Baba, tashi a kai ka ciki ka kwanta, ba zan bari ka faɗi a hannuna ba."

Mutum biyu suka matso za su kama shi. Baba Mesa ya sa hannayensa biyu ya riƙe bakin bencin.

"Ba inda za ni."

"Umarni nake ba ka."

"Takardarka ta ce sau uku," ya ce, yana tsinka maganar da haki. "Kai ka rubuta, ba ni ba. Sau ɗaya aka auna. Wanda ya taɓa ni, sai dai ya ɗauke ni da bencin."

Kwamanda ya juya wajen Sista yana neman ta goyi bayansa. Ita kuwa idonta na kan agogo.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "mutumin da ya hau hawa goma sha biyu da wannan lodin, in jininsa bai hau ba, shi ne zan ji wa tsoro. Ba hawan na zo gani ba, saukowar na zo gani. A yi mini shiru, lokaci na tafiya."

Minti ɗayan nan ya yi wa Baba Mesa tsawo fiye da hasumiyar. Zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa har cikin kunnuwa. Ya tuna bakin Yaya da ya karkace, ya motsa yatsunsa na dama ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin benci, inda ba mai gani. Duk suka amsa. Ya ja iska ta hanci, ya sake ta a hankali, sai ya ji dukan ya fara ja da baya, kamar mai gudu da ya koma sassarfa.

"Ɗari da ashirin da shida," in ji Sista. "Ya sauke talatin da biyu a minti guda. Akwai 'yan talatin da ba sa sauke rabin haka."

Wani a bayan mota ya yi tari don ya ɓoye dariya. Kwamanda ya harɗe hannuwa. Sauran minti huɗun aka yi su tsit, sai ƙarar famfon da ke ɗiga a wurin wankin mesa. Ƙyallen ya sake matse damtsen, ya saki.

"Ɗari da talatin da biyu bisa tamanin. Bugu casa'in da shida, kuma yana ci gaba da sauka." Ta rubuta, ta sa hannu, ta miƙa wa kwamanda. "Wannan zuciyar ba ta gaji ba tukuna."

Kwamanda ya karanta takardar har ƙasa, kamar za ta canja.

"Bayan wata shida za a sake," ya ce.

Sai a lokacin Baba Mesa ya saki bencin ya miƙe.

"A sake, ranka ya daɗe. Amma ranar ka sako kayanka mu hau tare. Sista tana da wurin mutum biyu a bencin nan."

Da yamma ya tarar da Maman Auta a tsakar gida tana shanya. Ya gaya mata duka, har da lambobin, yana jiran ta juyo. Ta gama maƙala zanen a igiya tukuna.

"Addu'a na yi ka faɗi gwajin," ta ce. "Tun da ka fita nake yi."

"Maman Auta..."

"Kai ka yi nasara a kan kwamandanka, an tafa maka. Ni in aka kawo ka a kwance, wa zai taya ni ɗaga mutum biyu?"

Ya cire hular aikinsa ya riƙe a hannu.

"Ba zan bar aikin ba," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ranar da aka auna aka ce zuciyata ba ta saukowa, da hannuna zan rataye hular nan. Ba sai kowa ya roƙe ni ba."

Ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ta abinci da ta maganin Yaya.

A rana ta uku da safe, ya gama ɗaure takalmi zai fita, ta tare ƙofa. Ashe jiya ta je wajen mai kemis ɗin bakin titi ta sa ya koya mata ƙirga bugun zuciya. Ta kama tsintsiyar hannunsa, ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin babban yatsansa, ta kafa ido a agogon bango, leɓɓanta na motsi. Ya so ya yi wasa, ta harare shi, ya yi shiru har tsinken ya zagayo.

"Sittin da takwas," ta ce, ta saki hannun. "Gobe ma zan ƙirga. Jeka."