Namiji Zai Hau Bisa

A matakala ta uku Malam Amani ya tsaya cak, ya cire takalmansa ya saƙale a hammata, ya ce shi kam ba zai ƙara taku ɗaya ba sai an yi shela.

"Shelar mi, Baba?" in ji Mardiya, tana duban agogon wayarta. Motar Kona da la'asar take tashi, ga shi har an idar da azahar.

"Namiji ya hau bisa ba a faɗa wa mutanen ƙasa ba? A ina kika taɓa gani?"

"Baba, wannan ba rufin ɗaki ba ne. Filin ƙwallo ne."

"Bisa ba bisa ba ce?"

Wata tara Mardiya ta yi tana fama da aikin nan: siririyar hanya ta ƙarfe da ta kewaye rufin rumfar 'yan kallo, inda mutum zai tsaya ya ga Tasawa gaba ɗaya. Ita ta zana, ita ta tsaya a kan masu walda cikin rana. Dalilin aikin ne wani kamfani a Damagaram ya kira ta, yana jiran amsarta ranar Litinin. Da ta je Kona neman izinin tafiya, tsohon nata, wanda ya shekara arba'in yana baibayar ɗakuna da rumbuna, cewa ya yi ba ya sa albarka a aikin da idonsa bai gani ba. To ga shi ya zo, ya kuma kafe a matakala ta uku.

Danda mai gadi ya kaɗa makullansa yana dariya. "Madam injiniya, ƙyale shi ya yi. Ko ni ina so in ji."

Tsohon ya kewaye bakinsa da tafukansa, ya fuskanci gabas.

"Mutanen ƙasa, a kimtsa! Namiji zai hau bisa!"

Ya juya yamma ya maimaita. Kudu ma haka, arewa ma haka. Sannan ya zauna a kan matakalar.

"Kuma mi ya faru?" in ji Mardiya.

"Sai a ba su lokaci mana. Wata ba ta ɗaura zane ba tukuna."

Minti goma cur suka yi a nan, Mardiya tana kaiwa tana komowa. Da ya ga dama ya miƙe, ya haye matakala sittin da biyu ba hutu, ita da Danda suna binsa suna haki.

A can sama iska ta buge su. Ga garin nan a shimfiɗe: hasumiyoyin masallatai, koren itatuwan bedi, kwalta ta miƙe zuwa Maraɗi da manyan motoci a kanta kamar ƙwari, bayan gidajen ƙarshe kuma gero ya fitar da kai har inda ido ya gaza.

"Dubi can, Baba! Waccan hanyar ce ka biyo da safe."

Bai duba ba. Kansa a sunkuye, yana buga diddige a kan ƙarfen. Ya kama makarin gefe ya girgiza da ƙarfinsa. Ya tsuguna ya shafa wata mahaɗa.

"Da mi aka ɗaure nan?"

"Walda ce."

"Ta kamu," ya ce.

Zuciyar Mardiya ta yi sanyi. Ta buɗe baki za ta kawo zancen Damagaram, sai wata murya ta taso daga ƙasa, ta ɓangaren yamma.

"Wane mai hankali ne yau ya yi mana sallama?"

Wata mata ce tsaye a tsakar gidanta, dab da katangar filin, taɓarya a hannu, ta kare rana da ɗayan. Danda ya ce a hankali, "Zalika ke nan. Mun shiga uku."

Malam Amani ya amsa ba tare da ya leƙa ba. "Baƙo ne daga Kona, uwar gida. A gafarce mu."

"Allah ya yi maka albarka, Malam! Wata biyu ke nan ana hawa kanmu kamar awaki, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Jiya ina tankaɗe wani har hannu ya ɗago mini! 'Yata ta daina wanka da rana. In ka san wanda ya ƙera abin nan, ka ce Zalika tana gaishe shi da taɓarya."

Danda ya shiga nazarin gajimare.

"Ɗiyata ce," in ji tsohon. "Ga ta nan."



"Mace? Mace ce ta yi mana haka? Ke baiwar Allah, ba ki wanka ne?"

"Inna, ba haka ba ne!" Mardiya ta ɗaga murya, fuskarta ta ɗau zafi. "An yi taro, an duba zane, manya sun sa hannu…"

"Ni an kira ni?"

Mardiya ta kama makarin ta leƙa don ta mayar da magana. Ta tsaya a daidai wurin nan ya fi sau ɗari, idonta ko dai a kan ƙusa ko a can nesa. Yau ne ta kalli ƙasa sosai. Gida bakwai a buɗe kamar faifai. Ga shanya, ga tabarmar wata tsohuwa. A kan wani makewayi an ɗinka tsofaffin buhuna an rufa, iska ta yage rabi.

Da ta juyo, tsohon ya ba garin baya, yana bin makarin yamma yana ware hannuwa, gaba bayan gaba, leɓɓansa suna motsi.

"Baba, don Allah! Ko garin ba ka kalla ba. Litinin fa suke jiran amsa!"

"Zana shida," ya ce. "Dogaye, saƙar Kona. Kasuwa mai zuwa zan taho da su."

"Zana? A kan ƙarfen nan? Za ta rufe rabin garin! Kuma iskar farko za ta yi gaba da ita."

"Ba in ni na ɗaura ba."

Mardiya ta dafe kai. Ta dubi Danda, ya kau da fuska. A ƙasa taɓarya ta ci gaba da sauka, kowane bugu da ƙarfi fiye da na baya. Ta yi tsaki, ta zaro ma'auni daga jakarta, ta miƙa wa mai gadin bakinsa, ta ja har ƙarshen makarin.

"Shida ba za su kai ba, Baba. Tara."

"To, tara." Ya sauke takalmansa ya zura ƙafa. "Mutanen Damagaram kuwa, ki ce musu kina nan tafe. Su jira zana."